Takin Bana, Amfanin Baɗi

Gonakin ƙasarmu ba su san hutu ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina daga Dawanau zuwa Bichi, ko ya bi ta Ɗambatta zai tafi Daura, ya ga yadda ƙasar take: gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, babu wani fili da za a ce an bar shi ya yi saura shekara biyu ko uku kamar yadda ake yi a inda ƙasa ta yi wa mutane yawa. Gonar da kakan mutum ya noma ita ubansa ya noma, ita shi ma yake nomawa kowace damina, sai dai ma ta ƙara ƙanƙancewa wajen rabon gado. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki da ya kewaye birnin Kano, tun 1965 ya fitar da rahoto a kansa. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda jigawa mai rairayi irin tamu take ciyar da jama'a mai yawa haka ba ta mutu ba. Amsar kuwa ko yaron da ke kora jaki ya san ta. Taki ne. Kashin awaki da na tumaki, tokar murhu, sharar tsakar gida, har da jujin cikin birni da ake ɗaukowa a mangala. Kowane rani sai an kai, tari-tari, kuma ba a taɓa jin manomin da ya ce ya zuba na shekara goma a rana ɗaya ya huta ba.

Duk wannan zagaye da muka yi, maganar tumbi muke son yi.

Mu 'ya'yan manoma ne da fartanya ta fita daga hannunmu. A cikinmu akwai malaman firamare, akwai tela, akwai mai kemis, da ma'aikacin ƙaramar hukuma, da mai shagon POS. Ƙaraminmu ya haura shekara 40, babbanmu ya doshi 60. Iyayenmu a ƙafa suke cin kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, in an ji daɗi a keke. Mu kuwa ko masallacin Juma'a a kan mashin muke zuwa. Gonakinmu na nan, amma shanun huɗa ke tayar da kunya, maganin feshi ke kashe ciyawa, 'yan ƙwadago su ƙarasa abin da ya rage. Injin niƙa ya sauke wa matanmu taɓarya, tuƙa-tuƙa ya maye gurbin guga. Ba mu ga laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Masu kewar wahalar da, yawancinsu ba su taɓa yin noman firi da yunwar damina a cikinsu ba, ba su kuma dubi bayan tsofaffinmu da ya ranƙwafa ba. Sauƙi ne Allah ya kawo. Sai dai jikin da aka saba wa aiki tun kaka da kakanni ya wayi gari a zaune kan benci, tuwon kuwa bai ragu ba, sai ma ƙarin shayi mai kauri da burodi da lemon kwalba.

Abin da ya tashe mu tsaye bai wuce abin da ya sami abokinmu dillalin hatsi ba. Shi ne ƙarfin majalisarmu. Da muna samari, in kaka ta yi aka kafa dandalin kokawa, da wuya a ga bayansa a ƙasa. Wata ranar kasuwa yana cikin lissafi da mai kaya, sai alƙalami ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Kafin a kai shi asibiti a Kano ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe yana tare da shi bai sani ba. Yana da mata biyu da 'ya'ya 11, babban bai gama sakandare ba.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A makon nan muka jera mu 9 a gaban malamin asibitin garinmu ya ɗaura mana abin awo a dantse. Mutum 5 awonsu ya haura 140 bisa 90, wato iyakar da ake cewa jini ya hau. Ya rubuta wa masu buƙatar magani magani, ya ce a rage gishiri da ɗunƙulen miya, sannan ya ce kowannenmu ya riƙa tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta rabin awa, kwana 5 a mako. Daga baya muka gane lissafin ba nasa ba ne shi kaɗai: Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce ke nan, minti 150 zuwa 300 a mako ga baligi.

Muka fara cikin hunturu. Da an sallame sallar asuba gari ya ɗan waye, sai mu bi burtalin da ya yi gabas, mu wuce makarantar firamare, mu kai wani babban gawo da ke kan iyakar gonakin garinmu da na maƙwabta, mu juyo. Zuwa da dawowa minti 45 ne. Makonnin farko da zafinmu muka yi su, har da masu sayen kambas a gwanjo.

To, amma kowa da waya a aljihunsa, kuma waya tana da nata lissafin. Ka buɗe TikTok ko Facebook sai ka ga saurayi ya jera hoto biyu, ga shi da teɓa, ga shi kuma ciki ya ɗame kamar ganga, an rubuta kwana 30. Ka ɗan matsa ƙasa ka ci karo da mai maganin gargajiya, shi nasa kwana 7 ne ma. Manhajar ƙirga taku kuma kullum dare sai ta nuna maka ba ka cika 10,000 ba, kamar mai bin ka bashi. Da aka yi mako shida, muka hau sikelin da ake auna buhu a shagon wani ɗan'uwanmu. Wanda ya fi kowa raguwa kilo ɗaya da rabi ya sauke. Mai kemis ma ƙaruwa ya yi. Ba a yi wata biyu ba muka koma mu 4. Wannan ya ce gwiwa, wancan ya ce sanyi, wani ya ce ai rai a hannun Allah yake. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma ba ita ta zaunar da su ba. Sun auna ne ba su ga komai ba.

Mu huɗun da muka rage ma jikinmu ya yi sanyi. A irin wannan safiya ce muka tarar da wani dattijo, tsaran iyayenmu, yana sauke mangala a gonarsa da ke bakin burtali.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannunku Malamai. Ni kam in tambaye ku. Kullum ina ganinku da sassafe, ba kaya a ka, ba fartanya a kafaɗa, ku je gindin gawo ku juyo. Wani abu kuka ɓatar ne?"

Muka yi dariya, muka yi masa bayani. Telan cikinmu ya ƙara da cewa, "Ga shi wata biyu ke nan, Baba, ba mu ga abin da ya sauya ba."

Dattijo ya nuna tarin takin da ya sauke da bakin sandarsa. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Yau na zuba shi, ruwa kuwa sai nan da wata huɗu in Allah ya kai mu. In ka zo gobe ka same ni ina tonawa wai ina duba ko gero ya fito, me za ka ce da ni?"

Tela ya ce, "Sai in ce Baba ya tsufa."

"To. Kuma wanda na zuba bara ma bai gama aikinsa ba, yana nan a ƙasa." Ya kaɗa jakinsa ya yi gaba.

Ba wani sabon ilimi ya ba mu ba. Duk cikinmu babu wanda bai kai taki gona yana yaro ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tuna mana cewa muna da ma'auni biyu a kanmu, na gona da na waya, kuma da na waya ake auna jiki a zamanin nan. Mutumin da zai dasa mangwaro ya jira shekaru ba tare da ya yi ƙorafi ba, wanda ya san gero sai ya yi kamar wata uku, dawa kuwa sai ta kai kaka sosai, shi ne kuma yake son tumbin da ya tara cikin shekara 20 ya baje kafin ƙarshen wata.

Da muka bincika, sai muka ga ilimin likitoci ma ya fi kusa da lissafin dattijon nan. Sikeli shi ne na ƙarshen ba da labari, wani lokaci ma ba ya bayarwa sam. Tafiyar awa guda ba ta ƙona abin da ya fi ƙarfin kwalbar lemo ɗaya da ɗan burodi, don haka wanda ya dawo daga tattaki ya zauna teburin mai shayi ya riga ya mayar da abin da ya zubar. Amma aikin da ke gudana a ciki daban ne. Zuciya na koyon tura jini da yawa a bugu ɗaya, hanyoyin jini na saki, tsokar cinya da ta ƙwauri na zuƙe sukarin da ke yawo cikin jini. Ga mai hawan jini, tafiya a kai a kai kan sauke awon sama da maki kamar 5 zuwa 8, ko da nauyinsa bai motsa ba. Babu madubin da zai nuna wa mutum wannan.

Tun 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan motocin safa masu hawa biyu na birnin Landan. Direba na zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matattakala yana karɓar kuɗi. Aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Kwandastan nan bai taɓa cewa motsa jiki yake yi ba, aikinsa yake yi, yau da gobe, shekara da shekaru. A Amurka kuma, wani babban bincike da aka fitar a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako da gyara cin abinci, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Sai dai kusan shekara uku aka yi ana bibiyarsu kafin a faɗi haka. Damina uku ke nan a lissafinmu.

Shi kuwa 10,000 ɗin da waya ke bin mu bashinsa, asalinsa sunan haja ne. Wani kamfani a Japan ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata suna mai ma'anar ma'aunin taku dubu goma, lambar ta bi duniya. Da masu bincike a Jami'ar Harvard suka duba dubban mata tsofaffi a 2019, sai suka ga masu yin taku kamar 4,400 a rana ma sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, amfanin kuma yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Mai shagon POS, wanda shi ya fi mu ɗaukar maganar waya da zafi, da ya ji haka sai ya ce ashe talla ce ta hana shi barci.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne yadda muka koma kallon fashi. Mai lissafin kwana 30, in ya yi fashin kwana uku, gani yake komai ya rushe, sai ya bari gaba ɗaya. Manomi ba haka yake ba. A ƙasar nan sau nawa ruwan farko ke sauka a yi shuka, sama ta ɗauke, rana ta ƙone tsiron? Ba a taɓa sayar da gona don wannan ba. Ana jiran ruwa na gaba a sake shuka, wani lokaci har sau uku. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ta bi mutum 96 da ke ƙoƙarin sabawa da wata sabuwar ɗabi'a. Ta ga matsakaicin lokacin da abu ke zama jiki kwana 66 ne, wasu kwana 18 ya ishe su, wasu kuwa lissafinsu ya kai 254, kuma fashin rana ɗaya bai ɓata wa kowa tafiya ba. Wato waɗanda suka bari a mako na shida sun bari ne tun abin bai kama ƙasa ba.

Sai muka daina lissafin mako muka koma na shekara, kuma muka bar shekarar ta zo da halinta. Da hunturu ba ma fita sai rana ta ɗan ɗaga, masu tari su rufe hanci saboda ƙura. Da bazara, lokacin da zafi ke kai mutum bango tun hantsi, rabin hanya muke yi mu juyo daga makaranta. Azumi kuwa kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, don haka ba shi da tsayayyen tsari. Yawanci bayan tarawihi muke ɗan zagaya gari, in an gaji a bari. Da damina burtali kan cika da ruwa da taɓo, sai kowa ya ɗauki fartanya ya nufi gonarsa, ya ware kunya goma ko ashirin da ba za a yi wa feshi ba, ya noma da hannunsa. 'Yan ƙwadago na mana dariya, suna cewa Malam zai kashe musu kasuwa. Watan da aka yi rasuwa ko biki a gidan mutum, ba wanda ke tambayarsa dalilin rashin fitowa. Abin da muke tambaya ɗaya ne, ranar da zai dawo.

Akwai kuma idon jama'a, wanda shi ma sai da muka koyi yadda za mu ɗauke shi. A garuruwanmu ƙiba shaidar samu ce. In ka yi tumbi a ce ka ji daɗi, in ka faɗa a ja ka gefe a ce, "Malam, ko lafiya? Na ga ka rame." Magidanci mai mashin a gida kuma a gan shi yana taka sayyada ba dalili, to ko dai ya sayar da mashin ɗin ne ko kuwa kansa ya taɓu. Duk mai babur da ya wuce mu sai ya ja birki: "Malam, hau in rage maka hanya." Ka ce ka gode, ya tafi yana waiwaye. Surukar ɗayanmu har aike ta yi a tambaya ko bashi ne ya yi masa yawa. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka, aka shiga jingine babura a zaure ana kakkaɓe tsofaffin kekuna. Burtalin da muke bi mu kaɗai ya cika da masu tafiya a ƙafa. Ba mu yi murna da tsadar ba, don mu ma ta taɓa mu, amma tun daga lokacin ba wanda ya sake tsayawa zai rage mana hanya.

Matanmu ba su da burtali. Wannan gaskiya ce da ba a cika faɗa ba in ana wa'azin motsa jiki, alhali hawan jini da suga ba su san kulle ba. Uwargidan ɗaya daga cikinmu, da aka ce mata sukarinta ya hau, sai ta tsiri zagaya tsakar gida bayan tuwon dare, daga bakin rijiya zuwa garken awaki, tana ja da carbi. Kishiyarta ta fara yi mata dariya, daga baya ta bi sahu. Malamin asibiti ya ce dabara ce mai kyau, don tafiya bayan cin abinci na rage hawan sukari. Yanzu in za su barka ko gaisuwa a ƙauyen da ke kusa, sukan haɗu su tafi a ƙafa, kuɗin A Daidaita Sahu kuma ya shiga asusun adashi.

In aka tambaye mu yau me muke nema, babu mai cewa ɗamammen ciki. Hedimastan cikinmu ya ce shi burinsa ya kai shekara 70 yana sujada ya miƙe ba a ajiye masa kujera a ƙarshen sahu ba. Tela na tara kuɗin Makka, an kuma gaya masa safa da marwa kaɗai ta haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ya ce ba ya son a tura shi a keke. Mai kemis yana da 'yar auta mai shekara 4, lissafinsa ya ga aurenta da ƙafafunsa. Buri irin wannan ba ya tsufa a mako shida, kuma sikelin buhu ba shi da abin cewa a kansa.

Ba za mu ce kowa ya warke ba. Masu shan maganin hawan jini suna nan suna sha, an kuma gargaɗe mu kada wanda ya ajiye shi don yana tafiya. Mutum biyu awonsu ya sauka har an rage musu ƙwaya. Ɗaya kuwa nasa ya ƙi sauka duk da bai fi kowa fashi ba, gado ne a gidansu. Wannan ma manomi ya san shi: kana iya kai taki, ka yi noma a kan kari, fari ya zo ko ƙuduji ya ci gonar. Uku daga cikin waɗanda suka bari sun dawo, ɗaya bayan shekara guda cur, ba wanda ya ce masa komai sai "Sannu da zuwa." Yanzu mu 7 ne.

Na takwas ɗinmu dillalin hatsi ne. Bayan watanni ana gasa masa jiki ana koya masa taku, ya fara fitowa ƙofar gida da sanda, ɗansa na riƙe da shi. Shi ba ya ƙirga taku, ba ya kuma duba agogo, bishiya yake ƙirgawa. A hunturun farko dalbejiyar ƙofar gidansa ce iyakarsa. Da kaka ta zagayo ya kai tsamiyar bakin masallaci. Bana yana kai wa ƙofar makarantar firamare, ya zauna a kan dakali yana haki har mu je gawo mu dawo mu same shi, mu rako shi gida a hankali, yana jan ƙafar dama. Maganarsa ba ta gama fita sosai ba, sai an kasa kunne. Tsakanin makaranta da gawo akwai ɗorawa biyu da kuka ɗaya, ya riga ya raba su: ɗorawar farko kafin ruwa ya sauka, ta biyu bayan an yanke gero. Kukar da gawon ya ce a bar wa baɗi.